Takarda ce ta karya Romel? Musun da aka kwana ana yi a zauren tarihi

Mai Taswira: Assalamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Mako biyu ke nan da na sa hoton tsohuwar taswirar yaƙi a zauren nan, ko tari babu wanda ya yi. Shekaranjiya wani ya sa hoton tsire, har asuba ana sharhi. Zauren tarihi muke ko teburin mai shayi? To ga maganata, mai jin haushi ya ji: takarda ce ta karya Romel, kwamandan sojan Jamus, a hamadar Masar lokacin yaƙin duniya na biyu, ba igwa ba. Sojojin Ingila suna da wata irin taswira da ake shafa wa launi don nuna yanayin ƙasa: nan tsandauri ne mota ta wuce a guje, nan duwatsu, nan rairayi mai haɗiye taya. A ƙarshen Agusta 1942, gab da yaƙin Alam Halfa, de Guingand, babban hafsan da ke riƙe da ofishin Montgomery, kwamandan sojan Ingila a fagen, ya sa aka buga ta jabu. Aka nuna rairayin Ragil a matsayin ƙasa mai tauri, aka tsufar da takardar kamar ta sha aljihu, aka bar ta cikin motar sintiri da aka tarwatsa a filin nakiya. Jamusawa suka tsince ta. Daga nan Romel bai ƙara matsowa kusa da Alƙahira ba. Kuma duk wannan ya yiwu ne albarkacin Turawan safiyo irin su Clayton, da Bagnold, waɗanda suka gano hanyoyin hamadar tun kafin yaƙi. Na gama. A ci gaba da tsire.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. "Suka gano"? Malam, sake karanta abin da ka rubuta. Suka gano me? Ɓata ta yi?

Mai Taswira: Ga shi nan. Na yi bayani mai tsawo a kan Alam Halfa, kalma ɗaya kaɗai idonka ya gani.

Ɗan Damagaram: Ita ce ta tsone min ido. Hanyar da ta tashi daga Bangazi ta bi Jalo da Kufra ta gangara Wadai, ayari na bin ta tun kafin a haifi Bagnold. Rijiyar Sarra da ke kan hanyar, 'yan Sanusiyya ne suka haƙa ta a ƙarshen ƙarni na 19. Mutum ya zo da mota ya sha ruwan rijiyar da wani ya haƙa, sai a ce shi ya gano? In haka ne ni ma na gano Kano bara, da na zo biki.

Bakano Mai Kanti: Ai mun ga alama, tun da ka gano ta kayan kantina ke raguwa. Damagarawa dai ba ku daina kawo mana hari ba.

Ɗan Damagaram: Kai yi shiru, manya na magana. Ka tambayi kakanka ƙarar igwar Damagaram.

Malama Mai Alli: Ku bar wasan nan tukuna. Ɗan Damagaram yana da gaskiya, kuma ga misalin da ya fi nasa. A 1923 Ahmad Hasanain, Bamisire, ya ratsa daga gaɓar teku zuwa Kufra har Darfur a kan raƙuma. Aka yi ta yayata cewa ya gano duwatsun Arkenu da Uwainat. Da ya isa Uwainat mutane ya tarar zaune da dabbobinsu. Waɗanda suka kai shi ma 'yan ƙasa ne. Abin da ya yi shi ne ya auna wurin ya sa a takarda. Wannan aiki ne babba, amma sunansa aunawa.

Mai Taswira: Malama, da girmanki. A Hausa in na ce na gano gidanku, cewa na yi ni na gina shi? Gano yana nufin ka kai ga sanin abin da da ba ka sani ba. Ina laifin kalmar?

Malama Mai Alli: In ka ce "na gano gidanku" kai kaɗai ne ba ka sani ba, kuma ka amsa gidanmu ne. Kai kuwa cewa ka yi "suka gano hanyoyin hamadar", babu mai gida a maganarka. Shekara nawa ina gyara wa ɗalibai irin wannan a kan Mungo Park da kogin Kwara.

Mai Taswira: Ni ba ɗalibinki ba ne.

Malama Mai Alli: Da kai ɗalibina ne da ba mu kai nan ba.

Safiyo Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku saurara wa tsoho. Na ci abinci da awon ƙasa har na yi ritaya, don haka bari in raba muku gardama. Sanin madugu daban, sanin safiyo daban, kuma duk wanda ya raina ɗaya bai taɓa ɓata a daji ba. Madugu ya san hanya daga rijiya zuwa rijiya, don raƙumi ruwa da kiwo yake bi. Ya san kwana nawa ne, ya san tauraron da zai sa a kafaɗarsa ta hagu. Amma soja mai mota ba ya son bin rijiya, don a bakin rijiya abokin gaba ke jira. Yana son ya yanki inda babu hanya sam. A nan ne aikin su Bagnold ya fito. Tun wajen 1929 da 1930 yake shiga babban tekun rairayin da ke tsakanin Masar da Libiya da motocin Ford, yana sassauta iskar taya, yana koyon yadda ake hawa tudun yashi. Kamfas na ƙarfe yana rikicewa a cikin mota saboda ƙarfen jikinta, sai ya ƙera na rana: ɗan faranti mai lambobi da tsinke a tsakiya, inuwar tsinken ke nuna inda aka dosa. Mai lura da hanya yana zaune gefen direba, yana rubuta kusurwa da nisan da mitar mota ta nuna duk lokacin da aka karkata. Da dare a kafa na'urar awo mai ƙafa uku a auna taurari, a kama siginar lokaci ta rediyo, a gyara kuskuren yini. Da haka rundunar sintirin da ya kafa a 1940, wadda ake kira LRDG, take cike farar takarda da zane. Farkon mutanenta ma 'yan New Zealand ne. To wannan kam, ko an ƙi ko an so, sabuwar hanya ce suka fitar, don babu ayarin da ke keta tsakiyar wannan rairayi a haka.

Mai Taswira: Allah ya ƙara girma, Baba. Kun ji ko? Sun gano.

Safiyo Mai Ritaya: Ban ce sun gano ba, ɗana. Na ce sun fitar.

Ɗan Damagaram: Baba, Allah ya ja kwana, amma kai ma ɗan gida ne. Safiyo ba zai kushe safiyo ba. Kura ce za ta ce da kare maye?

Bakano Mai Kanti: Karin maganar ma ba a nan ake sa ta ba. Mushe bai koya muku a lakwal ba?

Jikan Soja: Ni duk wannan bai dame ni ba. Kakana ya yi yaƙin Hitila, kuma har ya rasu bai taɓa ambatar wata taswira ba. Ƙafa da zuciya suka ci yaƙi. Kuna zaune ƙarƙashin fanka kuna raba wa Turawa lambar yabo.

Malama Mai Alli: Allah ya ji ƙansa. A ina ya yi yaƙin?

Jikan Soja: Boma.

Malama Mai Alli: To ƙanena, Boma kurmi ne da ruwan sama, can gabashin Indiya, kuma da Japan aka gwabza. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ce ta je. Kafin nan sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Mu kuwa maganar hamadar Libiya da Masar muke yi.

Jikan Soja: Wato yanzu kakan nawa ma ba ku yarda da shi ba. Shi ya sa ba na son zauren 'yan boko.

Malama Mai Alli: Wa ya ce ba a yarda da shi ba? Wuri kawai na gyara.

Jikan Soja: Har lambarsa tana nan a akwatin gwaggona. Sai na ɗauko hoto kun gani.

Ɗan Injamena: Tunda an zo maganar kakanni, bari in shigo. Kuna ta Bagnold, Bagnold. Wa ya ƙwace Kufra? LRDG ce? Ba ita ba ce. Hafsan Faransa Leclerc ne ya taso daga Chadi, bayan gwamna Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta 1940. Mutum kusan 400 ya tafi da su ta Faya, wajen kashi uku cikin huɗu baƙar fata, da tsofaffin motoci da igwa guda ɗaya tak. Ranar 1 ga Maris 1941 Italiyawan da ke ganuwar Taj suka miƙa wuya. Clayton ɗin da ake yabo fa, tun 31 ga Janairu Italiyawa suka kama shi a Jabal Sharif, motocinsa suka sha wuta daga sama da ƙasa. Masu taswira suka koma baya, masu ƙafa suka ƙarasa aiki. Abin da ya fi ci min rai, sunan rundunar wai ta 'yan Senegal ce ta Chadi, alhali yawancinsu 'ya'yan Chadi ne. Ko sunan ba a bar mana ba.

Mai Taswira: Ɗan'uwa, ba a gefe guda ake karanta tarihi ba. Kafin Kufra an yi Murzuk, 11 ga Janairu 1941. Motocin LRDG suka taso tun daga Alƙahira a ƙarshen Disamba, suka keta hamada ba tare da Italiya ta farga ba, suka ɗauki 'yan Faransa a gindin duwatsun Tibesti, suka ƙona jirage a filin Murzuk. A nan Kanar d'Ornano na Faransa ya mutu. Ba don lissafin rana da taurari ba, ta ina za su ɓullo ta bayan gida haka?

Ɗan Injamena: Man da suka ƙara a Tibesti, me ya kawo shi? Raƙuma. Wa ya ja raƙuman ta cikin duwatsun? Ka duba taswirarka ko za ka ga sunansa. Kuma a cikin motocin nan har da Shaihu Abdul Jalil Saifun Nasr, ɗan gidan da suka san Fezan, yankin da Murzuk take, kamar tafin hannunsu. Yawon buɗe ido ya je?

Ɗan Damagaram: Faɗa masa dai. Tubawa ba su da na'ura mai ƙafa uku, amma har gobe in mota ta ɓata tsakanin Dirku da Madama su ake nema.

Bakano Mai Kanti: Wai ku Faransawan nan da kuka haɗa kai, ku tuna lokacin da Chadi ta bi de Gaulle, Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, ta Faransawan da suka bi Jamus. Ba layi ɗaya kuke ba. Kuma in ana maganar gudummawa, jiragen da aka harhaɗa a Takoradi aka kai wa sojan Ingila a Masar, ta Kano suke bi: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Injamena ta yau), Janaina, Fashir, Khartum, sannan Alƙahira. Dubbai ne. Ba don filin jirgin Kano ba da Romel ya sha shayi a bakin Nilu.

Ɗan Injamena: Ka ce Fort Lamy da bakinka. Mu ne Jamusawa suka jefa wa bam a Janairu 1942, jirgi guda ya keto hamada ya ƙona ma'ajiyar mai. Ku me aka jefa muku?

Bakano Mai Kanti: Yanzu kuma gasar shan bam ake yi?

Ɗan Damagaram: Kar ka ƙara ce mana Faransawa. Ka janye.

Bakano Mai Kanti: Na janye, mushe.

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum 'yan zaure, sabbin atamfofi da leshi sun iso, mai so ya yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Hajiya, an sha faɗa, ranar Juma'a ce ranar talla. A kiyaye don Allah.

Ɗalibin Tarihi: Ina neman afuwar manya. Tun ɗazu nake jira wani ya taɓa ainihin abin da Yaya Mai Taswira ya faɗa, ba wanda ya taɓa. Labarin taswirar jabu gaskiya ne an shirya ta, an kuma ajiye ta. Abin da masana ke jayayya a kai shi ne ko ta canza wani abu. Romel ya fara harin daren 30 ga Agusta ta kudu, don layin tsaron Ingila na Alamain gajere ne, kimanin kilomita 60 daga teku zuwa kwarin Kattara, wanda tanka ba ta iya ratsa gishirinsa da laka. Ingila ta riga ta san da zuwansa saboda tana karanta saƙonnin sirrin Jamus. Filayen nakiya suka fi yadda ya zata zurfi, jirage suka yi ta ruwan bam a kan motocin da suka cunkushe, Janar von Bismarck ya mutu, Janar Nehring ya ji rauni tun daren farko. Man da aka yi masa alkawari daga Italiya, an nutsar da jiragen ruwan da ke ɗauke da shi. Jinkirin nan da ƙarancin mai su suka sa ya karkata arewa da wuri, ya faɗa kan tudun Alam Halfa inda aka haƙa ramuka ana jiransa. Motocinsa sun shiga rairayi mai laushi, sun sha mai, haka ne. Amma cewa takardar ce ta kai su can, yawanci daga bakin waɗanda suka shirya dabarar aka ji.

Mai Taswira: Wato ƙarya de Guingand ya yi?

Ɗalibin Tarihi: Ban ce ƙarya ba, Yaya. Na ce mai dabara shi ke ba da labarin dabararsa.

Mai Taswira: Aji nawa kake?

Ɗalibin Tarihi: Aji uku a jami'a.

Mai Taswira: To ka bari ka gama.

Malama Mai Alli: Ka ga halinka. Yaro ya kawo hujja, kai ka kawo shekaru.

Safiyo Mai Ritaya: Yaron nan ya yi magana. Amma in kuna son inda awo ya yi aiki ƙarara babu jayayya, ku bar Alam Halfa ku tafi Tunisiya. A Janairu 1943 wani kyaftin na LRDG, Wilder, ɗan New Zealand, ya samo mashigar da mota za ta bi ta tsaunukan Matmata. Ta nan rundunar New Zealand ta zagaya bayan layin tsaron Jamus da Italiya na Maret a watan Maris. Har sunansa aka sa wa mashigar. Kwarin Kattara ɗin ma da yaron ya ambata, ma'aikatan safiyon Masar ne ƙarƙashin John Ball suka auna shi a shekarun 1920, suka tabbatar ƙasansa ya wuce mita 130 ƙasa da teku. Wanda ya zaɓi Alamain a matsayin wurin tsayawa, da wannan awon ya yi aiki. Taswirorin Italiya na cikin Libiya kuwa, su kansu 'yan LRDG sun yi ta ƙorafi a kansu, sai a zana dutse inda babu, a sa rijiya nesa da inda take. Mai zane yana zaune a ofis yana cike gurbi da tunaninsa. Na ga irinsu da idona a aiki, ba sai an je Libiya ba.

Ɗan Damagaram: Baba ka ce "ya samo mashigar". Mutanen Matmata da ke zaune a tsaunin, ta sama suke tashi?

Safiyo Mai Ritaya: Kai dai Allah ya shirye ka. Mashigar jaki daban, mashigar tanka da motar igwa daban. Sai an auna faɗi da gangara da taurin ƙasa.

Ɗan Damagaram: Amma sunan Bature aka sa mata.

Ɗan Injamena: Kullum haka ne.

Bakano Mai Kanti: Ni tambayata ɗaya. Bature ɗan Hangari ɗin nan da ya yi wa Jamus aiki, Almásy, wanda ya ɗauko 'yan leƙen asiri biyu daga Jalo ya keta ta Gilf Kabir ya sauke su kusa da Asyut a watan Mayu 1942, shi ma ganowa ya yi ko fitarwa ko aunawa? A ba ni kalmar da zan riƙe, kaina ya ɗau zafi.

Malama Mai Alli: Shi da su Clayton tare suka yi yawon hamadar kafin yaƙi, ilimi ɗaya suka raba biyu. 'Yan leƙen asirin nasa kuma ba su yi wata uku a Alƙahira ba aka cafke su.

Jikan Soja: Ga hoton lambar kakana nan na turo. Wanda ya ce bai yi yaƙi ba ya fito.

Malama Mai Alli: Babu wanda ya ce haka, bawan Allah.

Jikan Soja: Kin ce kurmi ne.

Mai Taswira: Shugaba, ka shigo ka rufe. Na kawo maganar ilimi an mayar da ita faɗan kalma. Gobe in na yi shiru a ce ba na sa hannu a zaure.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya raba, bari in taƙaita kamar yadda muka saba. Na farko, zaure ya gamsu cewa taswira ce ƙashin bayan nasarar da aka samu a hamada, kamar yadda aminina Mai Taswira ya faɗa tun farko, kuma Baba Safiyo, wanda ya fi kowa sanin aikin, ya mara masa baya. Na biyu, maganar "gano" an yi ta ne don a ɓata lokaci. Kalmar Hausa ce lafiyayya, kowa ya san abin da ake nufi. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Injamena sun kawo batun raƙuma da rijiyoyi, mun gode, amma ba shi ne kan magana ba. Ɗalibinmu ya yi ƙoƙari, sai dai a riƙa tauna magana a gaban manya. Gudummawar filin jirgin Kano kuwa babu wanda ya musa ta, kuma ni a ganina ita ce babban abin da aka ƙaru da shi yau. Kakan Jikan Soja, Allah ya gafarta masa. An rufe.

Safiyo Mai Ritaya: Shugaba, ban mara wa kowa baya a kan Alam Halfa ba. Yaron na bi.

Ɗan Damagaram: Shugaba Bakano, amininsa Bakano, an gama shari'a. Ɗan Injamena, taho gefe mu yi magana.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.

Jikan Soja: Har yanzu ba wanda ya ce komai a kan hoton lambar.